A Watsa Masa Ruwa Mu Gani

Dutsen nan da kuke jingina wayoyinku a jikinsa kuna kallon ƙwallo, kullum sai na ce ku ɗauke, kullum sai kun mayar. Jiya ma da na yi magana, Nasiru ɗan ƙanwata ya dube ni ya ce, "Kawu, dutsi na hwa, ba zinariya ba." Abokansa suka kwashe da dariya. Da ya ga ya samu masu taya shi sai bakinsa ya ƙara tsawo: "Kuma mi na wahala cikin aikin ga naku? Huda biyu na ga bango, ka rataya, ka tahi gida. Ni ko yanzu in na so, waya ɗai za ni latsawa a aiko min da labule daga Yamai."

A lokacin ina da mai saye a tsaye, sai na koma kan ciniki. Amma maganar ta kwana da ni, kuma ni ba na barin magana ta kwana biyu. Dutsen nan na saƙar asabari ne, na wata tsohuwa a Tajaye. Akwai shekarar da saura ƙiris rumfar nan da kuke shan inuwarta ta rufe, masu saƙar su watse, dutsen ya zama shi kaɗai ya rage mini a sana'ar. Sai ku ajiye wayoyin ku saurara.

Ni Hamidu, tun gemu bai fito mini ba nake sayar da abin rufe taga a kasuwar Konni. Ina sayar da labulen yadi. Ina sayar da na kamfani, irin wanda ake ja da igiya ya hau ya sauka, wanda muke kira sitor. Amma uwar sana'ar ita ce asabari, wato tsaure, doguwar ciyawar nan mai santsi ta bakin fadama, da ake jerawa a saƙa da zare. Yana tare rana, ba ya tare iska. Na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki, shi ya sa mata suke son sa. Kuma in bazara ta yi bazara, sai a ɗebi ruwa a kofi a watsa masa, iskar da ta ratso shi ta shigo ɗaki da sanyi kamar ta bi ta bakin randa. Duk macen da ta tashi a ƙasar nan ta san wannan. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata, gani ta yi uwarta tana yi.

Aikin farko da maigidana Malam Sanda ya ba ni shi ne riƙon buta. Da ubana ya kai ni wurinsa na zaci guduma za a ba ni, har na fara kallon wadda zan ɗauka. Malam Sanda gajere ne mai saurin fushi, kuma butarsa ba ta barin bakin rumfa, har baƙi suna zaton tsananin ibada ne. Ba alwala yake yi da ita ba. Duk wanda ya zo sayen asabari, kafin a yi maganar ciniki sai an warware shi an rataya, an watsa masa ruwa a gaban mai sayen. In rinin zaren zai zuba, a nan zai zuba. In ɗanyar ciyawa aka yanka, a nan za ta lanƙwashe. In kuwa mai kyau ne, sai ya sa mai saye ya tsaya a bayansa, ni kuma in ɗauki faifai in yi ta fifita ta gaba har mutumin ya lumshe ido. Da na gaji da ɗebo ruwa na tambaye shi dalili, sai ya harare ni ya ce, "Ba a saida asabari busasshe, yaro. Ruwa na abokin zamanai. In ba su shirya nan gabanka ba, can gidan mutane za su yi hwaɗa, kai kuma a kira sunanka."

Daga buta na hau almakashi. Asabari yana zuwa daga hannun masu saƙa da baki a barbaje, mu ne muke daidaita shi, mu ɗinka masa bakin yadi da basilla don kada ya warware, mu sa masa igiyar naɗewa. Igiyar nan da kuke gani kamar wasa, in ta fi tsawo ta gefe ɗaya, asabarin zai riƙa hawa a karkace kamar hular ɗan daudu, kuma matar gida za ta riƙa tuna ka da abin da ba alheri ba kowace safiya. Na daɗe ina huda yatsuna kafin Malam Sanda ya yarda na taka tsani.

Akwai wani ɗaki a Tsarnawa, na wani manomin wake, inda na fara sanin bango ma halitta ne mai hali. Ginin ƙasa ne. Na buga ƙusa ta shige kamar a cikin tuwo, na rataya, na juya baya, komai ya biyo ni ƙasa. Malam Sanda ya duba bangon. Ya fita ya samo itacen aduwa, ya fere turaku guda-guda kamar yatsa, ya haƙa ƙananan ramuka ya jiƙa su, ya buga turakun ya liƙe da laka. Muka zauna muka sha furar da aka kawo mana har lakar ta sha iska, sannan ya buga ƙusoshin a jikin itacen. Ya ce ginin ƙasa ba ya son ƙarfe, itace yake so. Na wuce ta ƙofar gidan nan bayan shekaru, an canza asabarin ba sau ɗaya ba, turakun suna nan. Bangon bulo kuma nasa halin daban. Wani bulon yashi ya fi siminti yawa a cikinsa, kana sa masa injin huda sai ya buɗe maka baki kamar rijiya, sai ka san yadda za ka cike shi kafin mai gida ya leƙo.

Sai batun awo. Maginanmu, Allah ya ba su lada, ban taɓa ganin sun gina taga biyu iri ɗaya ba. Faɗin sama daban, na ƙasa daban, kuma a cikin gida ɗaya. In an bar ni na shiga da metir ɗina na awo, ba damuwa. Amma gidaje da yawa ba shiga ne, namiji iyakarsa zaure. To ya za a yi? Sai ka ga magidanci ya zo da ɗankwalin matarsa an ƙulla shi wuri biyu, ya ce ga faɗi, ga tsawo. Wani ɗan kabu-kabu ya taɓa kawo mini irin wannan, ya shimfiɗa a kan tebur yana alfahari. Na ce, "Wa ya auna?" Ya ce uwargida. Na ce, "Ta ja ƙyallen ko ta sake shi?" Ya ce bai sani ba. Na ce, "Daga ciki ko daga waje?" Sai ya sosa ƙeya ya hau babur ya koma. Irin wannan awon, kai ne za ka san ɗankwali yana miƙewa, ka ƙara yatsu kaɗan kowane gefe, ka kuma tambayi inda rana take faɗowa ɗakin da wanda yake wuni a ciki. Ɗakin tsohuwa ba ɗakin amarya ba ne, kuma tagar da ke kallon yamma ba ta ɗaukar abin da ta gabas take ɗauka.

Kada ku ce ni maƙiyin kayan zamani ne. Wani buro, wato ofis, na masu fiton kaya a hanyar iyaka ya kira ni, ɗakunan duk gilashi, injin sanyi yana ta huci. Mai wurin ya ce asabari yake so don ya tuna gida. Na ce masa a'a, a nan sitor ne ya dace, ɗakin da ba a buɗe tagarsa ba ya buƙatar iska ta ratsa. Na sa masa na kamfani mai kyau, har yau yana gaishe ni. Kowane kaya da ɗakinsa, aikina shi ne in san wanne ne na wanne.

Sai waya ta shigo kasuwa. Da farko mata ne suke zuwa su nuna mini hoto su ce in yi musu irinsa. Daga baya suka daina zuwa. Ana latsawa, a tura kuɗi, bayan kwanaki kwali ya iso tasha daga Yamai ko ya tsallako daga Sakkwato. Wani kayan yana da kyau, gaskiya ɗaya ce. Wani ya zo ya fi taga, wani bai kai ba, wanda za a kama kuma babu shi, lambar waya ce kawai da ke daina shiga. Amma mutane sun fi son su yi kuskure da hannunsu a ce sun waye. Asabari ya zama abin kunya, abin ƙauye. Wata mata da na yi wa uwarta aiki ta wuce ta gaban rumfar nan ta ce wa ƙawarta, da ƙarfi don in ji, "Har yanzu ana sayen ciyawa?" Ranar na ji zafi, ba zan ɓoye muku ba.

Masu saƙa mini matan Tajaye ne, shugabarsu Inna Tamo, tsohuwa siririya mai hannu kamar itace. Tun zamanin Malam Sanda ita ke ba rumfar nan kaya. Da kaka suke yankan tsaure, da ɗari su saƙa, lokacin da mazansu suka tafi ci-rani, ni kuma in sayar da bazara. Yadda suke saƙar, ana gicciya doguwar sanda a ƙarƙashin itace, a rataya zaruruwa, kowane zare da dutse a ƙarshensa. A ɗora ciyawa ɗaya, a jefa duwatsun gaba su koma baya, na baya su dawo gaba, a ɗora wata. Nauyin dutsen ne ke ɗaure saƙar. In ka tunkari gidan Inna Tamo da ɗari, tun daga nesa kake jin ƙwas-ƙwas ɗin duwatsu suna gaisawa.

A mummunar shekarar, na je ɗaukar kaya a farkon bazara alhali na bara yana jibge a bayan rumfata ban sayar ba. Inna Tamo ta sani, labari ba ya ɓuya tsakanin Konni da Tajaye. Ta bari aka loda mini kaya, aka ba ni ruwa na sha, sannan ta kira ni gindin itacen. Sandar saƙa tana jingine, an kwance zaruruwan.

Ta ce, "Hamidu, ɗiyana sun gaji. Sun ce baɗi Galmi za su tahi aikin albasa, can ko banza ana ganin abin da anka yi. Ni ba ni hana su. Ba mu yankan tsaure bana don gara ta ci."

Na ce, "Inna, ki ba ni bazarar ga ɗai."

Ta sunkuya ta ɗauki dutse ɗaya, wanda zare ya yi wa zobe a wuya don daɗewa, ta sa mini a hannu. "Wanga na uwata na. Tahi da shi. In kaya sun hita kahin ruwa, ka maido min in ɗaura. In ba su hita ba, ka riƙe, in ka zo Tajaye ka zo gaisuwa ɗai."

Na dawo da dutse a aljihu yana dukan cinyata. Na san abin da take nufi. In matan nan suka watse, ba mai sake tara su, kuma 'yan matan da ke tasowa ba za su koya ba. Ruwan farko kuwa yana sauka, laima da gara za su shiga kayan da ke bayan rumfa. Na ajiye dutsen a kan teburin nan, kullum ina buɗe rumfa mu kalli juna.

Bazarar ta zo da zafi irin wanda kaji ke buɗe baki, wutar lantarki kuma ta zama baƙuwa, ta leƙo da safe ta tafi. Duk da haka ba mai saye. Ana cikin haka sai ga Alhaji Bawa mai albasa, tsohon mai sayen kayana, wanda ya gama ginin sabon gida a bakin gari, gida mai tagogi kamar lakwal, makarantar boko. Da na hango shi zuciyata ta yi fari, na ce yau kaya za su ragu. Ya zauna, muka gaisa, sai ya zaro waya.

"Hamidu, dubi nan."

Na duba. Asabari ne a hoton, ko abin da ya yi kama da shi. Launin zuma, ciyawa a jere kamar an auna da ma'auni, ba ƙwaya ɗaya da ta fi wata. Gaskiya ya fi nawa kyau a ido.

Ya ce, "Daga waje za a kawo shi, ta Yamai. Na gida duka nis saye. Kai ɗai nika so ka zo ka kahwa min, don hannunka na da kyau."

Na ce, "Alhaji, kawo a watsa mishi ruwa mu gani."

Ya yi dariya har hularsa ta zame. "Wayar tawa za ka jiƙa?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wanda yas saida maka ta waya, shi biyo ta waya shi kahwa maka." Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Maƙwabcina mai sayar da bokitai ya ce na yi wauta, ko ladan kafawa ai wani abu ne. Wataƙila ya yi gaskiya, amma halin Malam Sanda na gada tare da butarsa. Wani mai walda ne ya je ya kafa masa su, ni ko ganinsu ban yi ba.

Abin da ya faru a gidan bayan an kafa su, matan da suke wurin ne suka ba da labari, kuma duk bakinsu ɗaya. Matar Alhaji ta haihu, ana gobe suna. An ɗauko mahaifiyarsa, Hajiya Kuluwa, daga ƙauyensu, gida ya cika da mata 'yan barka. Da hantsi wuta ta ɗauke, fankoki suka tsaya. Kafin rana ta take, mai jego tana ta zufa, jariri yana ta kuka. Hajiya Kuluwa ta dubi tagogi, ta dubi matan da ke fifita da bakin zane, ta ce, "Ku ɗiyan zamani ba ku san komi ba. Ga asabari rataye kuna kukan zahi?" Ta sa aka kawo mata bokiti da kofi. Ta fara da ɗakin mai jego, ta raba wa 'yan mata sauran ɗakunan, ta ce kowa ta jiƙa nata sosai, kada a yi rowa.

Ashe abin takarda ne. Takarda mai kauri da aka naɗe aka liƙa da gam, aka buga mata hoton ciyawa. Ban ga laifin wanda ya ƙera shi ba, a ƙasarsu ba mai yi wa taga wanka. Wataƙila ma an rubuta a jikin kwalin, amma kwalin tuni yara suka yi mota da shi. Da farko ya yi duhu, sannan ya fara saki, ya yi ciki, ya zubo ƙasa kamar jiƙaƙƙen burodi. Launin zuman nan ya gangaro a kan sabon farin fenti. Kafin azahar tagogin gidan Alhaji duka tsirara suke, suna kallon titi, rana tana shiga har gado, gida cike da matan mutane. Aka yi ta rataya zannuwa, wanda ya ƙara toshe iskar.

Ina zaune a nan sai ga Alhaji Bawa a bayan kabu-kabu, bai ma tsaya neman direbansa ba. Ya diro yana haki.

"Hamidu, asabari nawa gare ka?"

Na ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ina gajiya? Ina mai jego?"

"Lahiya lau, lahiya lau. Duk abin da ag gare ka, a loda!"

Na tashi a hankali. Na zaro guda ɗaya daga cikin na Inna Tamo, na warware, na rataya a bakin rumfa. Na ɗauki buta.

Ya ce, "Hamidu, don Allah, ba lokacin wasa na ba!"

Na ce, "Alhaji, ba a saida asabari busasshe."

Na watsa masa ruwa daga sama har ƙasa. Ciyawar ta sha, ta yi duhu, ƙamshin fadama ya tashi. Na ce ya zagaya ya tsaya a baya. Ya zagaya, don ba shi da zaɓi. Na ɗauki faifai na yi ta fifita. Mutanen kasuwa sun riga sun taru, mai bokitai yana gaba. Ta gefen asabarin ina hango Alhaji, fuska a murtuke, gumi yana ɗiga. Can sai na ga kafaɗunsa sun sauka, ya lumshe ido. Wani daga cikin taron ya ce, "Alhaji, a kawo katihwa?" Kasuwa ta ɗauki dariya, shi ma bai iya riƙewa ba. Wallahi tun da nake sana'ar nan ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Muka loda a amalanke da almakashina da tsanina. A ƙofar gida na tsaya, don ba shiga ne. Hajiya Kuluwa da kanta ta leƙo ta ce, "Wanga ai ɗa na, shi shigo. Ku mata ku koma ɗaki guda." Haka muka yi, ina shiga ɗaki suna fita, ina gamawa suna dawowa. Tagogin kuwa kamar yadda na faɗa muku, kowace da awonta, sai na auna na yanka na ɗinke baki a nan tsakar gida. Ramukan da mai walda ya huda rabinsu sun yi faɗi, sai da na cusa musu itace. Hajiya tana biye da ni da kofinta. Ba ta yarda da ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Ina sauka daga tsani sai ta watsa, ta tsaya ta zuba ido tana jiran ya narke. Da muka gama ɗakin mai jego ta jiƙa shi, iska ta kaɗo, jaririn ya yi shiru. Ta shafa ciyawar da tafin hannu ta juya wurin ɗanta.

"Bawa, wanga na asabari. Wancan hoto na anka rataya muna."

Kafin magariba na rufe tagar ƙarshe.

Washegari aka yi suna, wuta ba ta zo ba. Baƙi sun zo daga Tsarnawa, daga Malbaza, har daga Illela, abokan cinikin albasa da danginsu. Maza suka shiga babban falo suka ƙi fita, ana ta kawo abinci ana ta watsa ruwa. A cikin gida kuma Hajiya Kuluwa tana ba kowace mace labarin takardar da ta narke, kowane karo labarin yana ƙara tsawo. Ba ni da bakin da zai yi mini tallan da tsohuwar nan ta yi mini. Cikin makon aka fara zuwa. Masu ɗankwali mai ƙulli suka dawo. Matar nan da ta ce har yanzu ana sayen ciyawa ita ma ta zo, ta rufe rabin fuska da mayafi tana zaton ban gane ta ba. Na jiƙa mata nata kamar kowa, na fifita mata da kyau. Na bana ya ƙare, na shiga na bara. Ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas, na leƙa bayan rumfa, ba komai sai tabarmar da nake shimfiɗawa a ƙasa.

Na aika wa Inna Tamo saƙo ta bakin wani direba cewa a yanki tsaure, a yanka da yawa. Ban samu zuwa da kaina ba sai da ɗari ya shigo, don aikin labule ya riƙe ni. Na sa dutsen a aljihu na hau mota. Tun kafin in kai gidan na fara jin ƙwas-ƙwas, amma ba irin wanda na saba ji ba, wannan kamar ana sussuka. Na tarar sanda ɗaya ba ta isa ba, an ɗaura mata wata, layin ya wuce inuwar itacen har sai da aka kafa rumfar zana. Matan da suka ce za su Galmi suna nan, ga 'yan mata da ban sani ba, wata ma da goyo. Inna Tamo tana zaune a tsakiya tana yi wa wata faɗa a kan sakin zare.

Na durƙusa na gaishe ta, na zaro dutsen na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta juya shi, ta shafa zoben da ke wuyansa. Sannan ta ɗaga kai ta bi sandar da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kowane zare da dutsensa.

Ta ce, "To ina za ni ɗaura shi? Ka ga wuri?"

Na duba, babu.

Ta mayar mini a hannu ta rufe yatsuna a kai. "Koma da shi. Ka aje inda mutane ka gani."

Shi ne nan. Yanzu ni ma ina sayarwa ta waya, kada ku zaci ban iya ba. 'Yar mai bokitai ce ta ɗauke ni bidiyo ina watsa ruwa ta sa a waya, daga nan aka fara kira daga garin Tawa da Yamai. Amma ko ta waya ba na sayarwa sai na tambayi inda tagar take kallo da wanda ya auna, kuma sai na jiƙa wanda zan aika, mai saye yana gani. A Konni kuwa har gobe, in wani ya nuna wa wani hoton kaya a waya, ko takalmi ne, sai ka ji an ce a watsa masa ruwa mu gani.

Don haka, Nasiru, ɗauke wayarka daga jikin dutsen nan. In kuma da gaske kana son sanin abin da ke da wahala a aikin, ka zo gobe da safe. Ba guduma zan ba ka ba. Buta tana nan a bakin rumfa, kuma babu ruwa a cikinta.